Doyar Inna da Gonar Malam Idi

Kai mai jar riga, ajiye wayar nan tukuna. Jiya ina jin ka kana gaya wa 'yar'uwarka wai a duk aikin lauya babu abin da ya kai wa'adi sauƙi. Wai ka buɗe littafin doka, ka ga shekara nawa aka bayar a shigar da ƙara, ka latsa waya ta ƙirga maka, shi ke nan. Ban tanka ba don bakina da goro. Yau babu goro, sai ku gyara zama ku duka.

Ni Garba, nan Parakou aka haife ni, fataucin goro ne ya kawo kakanmu. Tun ba a haifi yawancinku ba nake akawun lauya. Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne ɗan kudu, muna ce masa Papa Gilbert, mutum mai faɗan tsiya da tsabtar riga. Na daɗe a ƙarƙashinsa bai bar ni na taɓa dosiye, wato fayil ɗin ƙara, ba. Aikina kawai in zauna bakin ƙofa, duk wanda ya shigo da kuka in tambaye shi abu guda: yaushe abin ya faru? Na ɗauka wulaƙanci ne. Rannan na gaji na ce masa, "Papa, wannan ai ko ɗan yaye ya iya." Ya zare tabarau ya ce, "To kawo mini amsar mutum ɗaya da zan iya rubutawa." Na duba abin da na tara tun safe. Wani ya ce mini da daɗewa. Wata ta ce lokacin da surukarta ke da rai. Wani Bafulatani ya ce shekarar da jar saniyarsa ta haifi tagwaye. Na koma bakin ƙofa.

Shi ya fahimtar da ni cewa kusan kowace magana da ake kaiwa kotu tana da wa'adinta. In ka bari ya wuce, ko gaskiyarka ta kai hasken rana, alƙali ba zai saurare ka ba. Har laifi haka yake: ƙarami ya fi saurin mutuwa, babba ya fi daɗewa, akwai kuma irin waɗanda ba a yarda su mutu ba sam. Abin ya ɗaure mini kai. Na ce, "Papa, yanzu gaskiya tsufa take yi?" Ya ce ita ba ta tsufa, amma shaidunta suna tsufa, suna mantuwa, suna mutuwa, kuma ba a barin mutum ya rayu har abada da sammaci a kan wuyansa. Har yau ban gama yanke wa kaina hukunci kan maganar nan ba. Wata rana in ga hikimarta, wata rana in ga mugunta ce tsagwaronta.

Mutanenmu kuwa, Allah Sarki, su ne abincin wa'adi. Bahaushe ba ya tashi daga gida ya nufi kotu. Sai an je wajen liman, an je wajen mai unguwa, an ce a bari a yi girbi, an ce a bari Alhaji ya dawo daga Makka. Duk wannan zaman sulhun, kotu ba ta san da shi ba, kwanakinta tafiya suke yi. Ai ba banza aka ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani ba. Na sha ganin ƙato ya fita daga biron nan, ofishinmu ke nan, yana tangaɗi, ba don an kayar da shi ba, don ya zo a makare.

Kayan aikina ba su da yawa: babur, kalanda, takalmin da ba ya tsoron taɓo, da goron gaisuwa a aljihu. Wanda ya fi su duka amfani kuwa a muguwar shekara na same shi. Shekarar ce ma'aikatan kotu suka yi dogon yajin aiki, ƙofofi a garƙame wata da watanni, babu mai shigowa biro sai ƙuda. Na ɗauki babur ɗina na koma yin zem, wato acaɓa, a bakin kasuwar Arzèkè, ina ɗaukar mata da buhunansu. Kunya ta kama ni kwanakin farko, daga baya yunwa ta kore ta. Wata tsohuwa mai sayar da doya, kullum ni ke kai ta gida, ita ce rannan tana ba ni labarin rasuwar mijinta ta ce, "Shekarar da muka riƙa shan ruwa da sabuwar doya." Saura kaɗan in afka rami. Azumi ai ba ya zama wuri ɗaya, kowace shekara yana ja da baya da kwana goma da 'yan kai. Doya kuwa lokacinta ba ya motsi. In mutum ya tuna abin da ke gona ranar da yake azumi ko ranar da ya yanka ragon layya, to ya ba ka shekarar bai sani ba. Tun daga lokacin ba na tambayar baƙauye wace shekara ce. Ina tambayarsa me aka ci a gidansa.

To ga aikin da nake so ku ji. Wata safiya, lokacin ina wajen Metir, lauyar da na fi daɗewa da ita, wani dogon mutum ya shigo da matarsa, sun sauko daga motar Djougou da sammaci a hannu. Malam Idi sunansa, manomi ne a wani ƙauye cikin Bariénou. Na ce ya zauna, ya zauna a bakin kujera yana kallon ƙasa. Matar ce, Hajo, ta ja kujerarta gaba.

"Mushe, ni ka tambaya," in ji ta, mushe kuwa yallaɓai ke nan a bakin mutanen nan. "In ka biye wa wannan, sai la'asar ba ka ji komai ba."

Ga yadda abin yake. Idi ya zo daga Dogondutsi yana saurayi, ɗan ci-rani, yana yi wa mutane tulin doya. Wani dattijon ƙabilar Yom mai suna Salifu ya ga ƙwazonsa ya ara masa gona. Aron gona a can yana da ƙa'ida biyu. Mai aro ba ya dasa itace, don itace na mai ƙasa ne. Sannan kowace shekara doyar farko da ya haƙa, kafin gidansa su ɗanɗana, sai ya ɗauke ta a ka ya kai ƙofar mai gona da rana tsaka kowa na gani. Ba haya ba ce, doyar ba ta taka kara ta karya ba. Tuni ne kawai, don kada wani ya manta ƙasar wa ake ci.

Idi ya yi shekaru yana kaiwa. Wata shekara ya sauke doyar, tsoho Salifu ya tura masa ita da ƙafa ya ce ya daina, ya zama ɗan gida, gonar tasa ce, ya je ya dasa abin da yake so. Idi ya dasa yazawa, wadda nan muke ce wa akaju, ya cika gonar da ita. Tsoho ya rasu. Yazawa ta girma, ita ce cinsu, ita ce suturarsu, ita ke riƙe da 'yarsu Zali a kwaleji a Djougou. Kwatsam sai jikan tsohon, Alasan, ya dawo daga Kwatano da mai saye a bayansa, ya kai ƙara cewa gonar gidansu ce aka ara, yana son abinsa.

Metir ta saurara ta ce da sauran magana. Dokar filaye ta ce wanda ya riƙe ƙasa a fili, cikin lumana, a matsayin tasa, har shekara goma ba wanda ya tanka, to mai cewa tasa ce tun asali ya makara. Amma ban da mai aro. Mai aro ko ya shekara ɗari a gona, wa'adi ba ya fara tafiya dominsa. Ta dube ni ta ce, "Garba, je ka nemo mini ranar da aron ya ƙare."

Na bi su har ƙauyen. Muka zauna gindin yazawa na tambayi Idi yaushe tsoho ya yi maganar nan.

"An ɗan jima," in ji shi.

"Ka ji ko!" Hajo ta tafa hannu. "Mushe, Zali tana goye na yi ban ruwan itatuwan nan. Bayana shaida ne."

Na ce wa Idi ya bar shekara, ya gaya mini me ya tuna na ranar. Ya ce ya tuna ƙishirwa. Da azumi a bakinsa ya ɗauki doyar, ya kai, ya sake dawowa da ita a ka, har maƙogwaronsa ya bushe. Wallahi ji na yi kamar in rungume shi. Azumi da sabuwar doya! Na ƙirga a yatsa, ya haura shekara goma da rata mai kyau. Girman Zali ya yarda, kaurin itatuwan ma ya yarda.

Saura shaida. Wa ya ji maganar tsohon da kunnensa? Mutum ɗaya ce ta rage a duniya, matar tsohon, kowa Inna yake ce mata. Tana zaune a gidan marigayin, wanda ya koma hannun Alasan, shi ke ci da ita, idanunta sun kusa tafiya. Muka dace Alasan ya tafi kasuwa. Tun daga zaure ta gane tarin Idi, ta kira sunansa da murna. Na gaishe ta da Dendanci, na ba ta goro, na bi a hankali har na kai ga tambayata. Ta juya goron a hannu ta daɗe.

"Na ji da kunnena," in ji ta. "Ina tsaye da ƙwarya a hannu. Amma ɗana, a ɗakin Alasan nake kwana."

Ban matsa ba. Mun miƙe za mu tafi, sai ta kamo hannun Idi ta ce, "Doyar bana ta fi ta bara gari. Allah ya yi maka albarka."

 Muna fita na ja shi gefe.

"Malam Idi, wace doya?"

"Ta Inna."

"Ba ka ce tsoho ya hana ka ba?"

"Shi ya hana ni kai masa. Bai hana ni kai wa Inna ba." Ya dube ni da mamaki, kamar ni ne ban da hankali. "Mushe, matar nan ita ta ba ni tuwo lokacin da ko tabarma ba ni da ita a garin nan. In haƙa sabuwar doya in sa a bakina ba ta ci ba? Ba a ƙofa nake ajiyewa ba, har madafi nake shigar mata da ita."

Kun ga inda gizo ke saƙa? A wajensa doyar ƙofa daban, doyar madafi daban, ɗaya ta mai ƙasa, ɗaya ta uwa. Ni ma da na zauna na ga bambancin sarai, har ya burge ni. Amma maƙwabta ba sa shiga madafi. Abin da suka gani shekara da shekaru shi ne Idi da doyar farko a ka yana shiga gidan Salifu.

Da na gaya wa Metir, ta dafe kai. Ta ce a kira Inna shaida, Idi ya ce a'a, a gwada da itatuwa tukuna. Ta ce masa, "Ba zan ce ka yi ƙarya ba. Amma abin da ba a tambaye ka ba, kada ka ɗauko shi." Ya ce to.

Ranar zama a kotu a Djougou, Metir ta yi aikinta yadda ya kamata. Ta kawo maganar itatuwa, ta ce wane mai aro ne zai cika gona da yazawa a kan idon gari duka, shekara fiye da goma, ba wanda ya ce masa kanzil? Na ga alƙali yana gyaɗa kai. Sai lauyan Alasan ya miƙe, wani siriri mai sanyin murya, ya yi tambaya ɗaya tak, tafinta ya juya ta da Hausa.

"Ana tambayarka, doyar farko ta gonar nan, kana kai ta gidan marigayi Salifu?"

Idi bai ko waiwayi Metir ba.

"Ina kaiwa. Bana ma na kai."

Ya so ya ƙara bayani, ya ce ta Inna ce, tafinta ya juya, amma lauyan ya riga ya zauna. Ya kawo dattawan ƙauye biyu suka faɗi abin da doyar farko ke nufi a al'adarsu, kuma ba ƙarya suka yi ba. Da ranar hukunci ta zo, alƙali ya ce mai kai doya mai aro ne, wa'adi bai taɓa fara tafiya ba, gona ta gidan Salifu ce.

A harabar kotu Hajo ta zube ƙasa, ta tashi, ta yi kan mijinta.

"Doya ta cinye mana gona! Na ce maka ka aiki Zali da ita cikin kwando a rufe, ka ce kai sai ka kai da kanka. To ga shi nan, sai ka dafa mutuncin mu ci!"

 Metir ta tara su ta ce kada su yanke ƙauna, akwai ɗaukaka ƙara a Parakou, kuma tana ganin nasara ƙiri-ƙiri in Inna ta tsaya gaban alƙalai ta faɗi abin da ta ji. Amma wa'adin wata ɗaya ne, ba ƙari. Ni da bakina na gaya wa Idi ranar ƙarshe, na haɗa masa ita da ranar kasuwarsu don kada ta ɓace masa. Ya ce zai yi shawara.

Mako ya wuce, shiru. Na kira wayarsa, a kashe. Wani makon ya bi, na hau babur sai ƙauyen. Hajo na tarar ita da yara, ta rame. Ta ce tun kwana uku da hukunci ya ɗauki fartanya ya ce ya tafi ƙwadago wajen Onklou.

"Mushe, ni in sa hannu mana. Ga yatsana, duk goman."

Na ce mata ƙarar ba da sunanta take ba, kuma Metir ba ta da ikon ɗaukaka ƙarar mutum bai ce a ɗaukaka ba. Ta ce to in nemo shi ko a ramin ɓera yake. Na nufi Onklou. Na bi gonaki, na tambayi 'yan zem, na tambayi masu shayi. Wannan ya ce ya gan shi shekaranjiya, wancan ya ce ya yi gabas. Na bar saƙo a masallaci uku. Na dawo Parakou da baƙin ciki, kuma ba zan ɓoye muku ba, haushinsa nake ji ƙwarai. Na ce ga wani kuma, an nuna masa ƙofa a buɗe, ya tafi tulin doya ya manta. Ranar ƙarshe Metir ta shirya takarda ta ajiye a kan tebur, muka yi ta duban hanya har aka tashi daga aiki.

Washegari da safe na zo buɗe biro, sai ga mutum tsugune a bakin ƙofa da fartanya a gefensa. Ya zube, wuyansa ya yi tsawo. Ko gaisuwar kirki ban amsa ba.

"Mushe, ya wuce?"

"Ya wuce jiya! Ina ka shiga, bawan Allah? Har Onklou na bi ka!"

"Na sani. Ina cikin rumbun wani ina jin muryarka." Ya ɗago kai. "Yanzu ko Metir ba ta iya buɗe shi?"

"Ko wa ya zo, ya rufu."

"Ko ni na dawo gobe na yi kuka na ce na tuba, a kira Inna?"

"Malam Idi, na ce maka aikin gama ya gama."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi. Na tsaya da makulli a hannu ina kallonsa.

"Ban manta ranar ba," in ji shi. "Kowace safiya da ita nake tashi. Mushe, in Inna ta faɗi gaskiya, gidan wa za ta koma da makantarta? In kuma ta musa, da rantsuwa a bakinta, ga kabari kusa, ni na ja mata. Amma Hajo na kuka, yara na kallona. Na san kaina. In na ci gaba da kwana a gidan nan, wata safiya zan tashi in ce a ɗauko ta. Shi ya sa na tafi inda ba mai roƙona."

Na buɗe ƙofa na ce ya shigo ya huta, ya ce a'a. Na kawo masa ruwa, ya riƙe kofin da hannu biyu, ya shanye. Na tambaye shi ko gida ya nufa.

"Sai na tsaya Djougou tukuna," in ji shi. Ya saɓa fartanyarsa. "Zali tana aji. Gara ta ji daga bakina."